Wa ya fi iya gem? Yadda ake auna ƙwararrun 'yan wasa da ƙungiyoyinsu

A shagunan gem na Mabera da Arkilla da Runjin Sambo a Sakkwato, bayan sallar isha'i, mutum biyu ne ke riƙe da hannun gem amma goma ne ke tsaye a bayansu, kowa da gwaninsa. Sai ka ji wani ya ce, "Wanga yaro tun da anka buɗe shagon ga ba a taɓa cin shi ba, in anka kai shi Turai kowa sai ya sha kashi." Wani ya karɓe da cewa ai akwai wanda ya dame shi a Gawon Nama. Waɗanda suka fi bin YouTube da TikTok kuma sai su ɗaga gardamar sama: a 'yan wasa Faker ko s1mple, a ƙungiyoyi Falcons ko T1, wa ya fi kuɗi, wa ya fi kofi.

Tambayar tana da tushe, domin a wasu ƙasashe buga gem sana'a ce mai albashi da kwantiragi da koci da likita, har akan cika filin wasa don kallonta. Matsalar tana ga amsoshin da muke bayarwa a majalisa. Yawancinsu sun rataya ne a kan kuɗin da mutum ya ci, ko alƙaluman da ake nunawa bayan wasa, ko yawan kofuna. Kowanne cikin ukun yana auna wani abu, amma sau da yawa ba abin da aka tambaya ba.

Tun daga tushe akwai abin da ya raba wannan harka da ƙwallon ƙafa. Ƙwallo ba ta da mai ita. Yaran unguwa na iya kafa duwatsu biyu su yi raga ba tare da izinin kowa ba, kuma faɗin ragar manya bai canza ba tun zamanin kakanni. Gem kuwa hajar kamfani ce. League of Legends na Riot Games ne, Dota 2 da Counter-Strike na Valve, wasan ƙwallon da muka saba kira FIFA na EA ne (tun 2023 ma sunansa ya koma EA Sports FC bayan sun raba gari da hukumar FIFA), eFootball wanda ake kira PES har zuwa 2021 na Konami ne, Free Fire na Garena. Kamfanin ke da fili, shi ke rubuta doka, shi ke ba da izinin gasa, kuma yana taɓa dokar duk ranar da ya so. Riot takan yi wa League of Legends gyare-gyare kusan duk mako biyu, ta rage wa wannan jarumi ƙarfi ta ƙara wa wancan. A watan Satumba na 2023 Valve ta ɗauke Counter-Strike ɗin da aka shafe fiye da shekara goma ana gasa a kansa ta sa sabo, har adadin zagayen da ake bukata don cin wasa ya sauka daga 16 zuwa 13. Saboda haka wanda ya gagara a wasa ɗaya ɗan koyo ne in aka zaunar da shi gaban wani, kuma ko a wasa ɗaya ɗin, gwanin 2018 da gwanin 2024 ba abu guda suka buga ba.

Ma'aunin kuɗi ya fi saurin shiga kai, shi ya sa aka fi ɗaukarsa. A jerin waɗanda suka fi cin kuɗin gasa a tarihi, ɗan Denmak Johan Sundstein, wanda ake kira N0tail, shi ke sama da fiye da dala miliyan 7, kuma sunayen da ke biye da shi na 'yan Dota 2 ne jere. Lee Sang-hyeok na Koriya ta Kudu, wato Faker, ɗan wasan League of Legends, wanda kusan kowa ya yarda babu sunan da ya kai nasa a wannan duniya, bai kai rabin wannan adadi ba. Mai karanta jerin da ido ɗaya zai ce N0tail ya ninka shi.

Ga inda kuɗin suka fito. Tun 2013 Valve ta riƙa sayar wa masu buga Dota 2 kayan ƙawa na cikin wasan, tufafi da makaman ado da ba sa ƙara wa kowa ƙarfi, tana zuba kashi 25 cikin 100 na cinikin a asusun babbar gasarta, The International. Gasar da ta fara a 2011 da dala miliyan 1.6 ta kai miliyan 25 a 2018, miliyan 34 a 2019, ta haura miliyan 40 a 2021. Ƙungiyar N0tail, OG, ta ci ta 2018 da ta 2019, daidai lokacin da asusun ke tumbatsa. Riot kuwa ta bi wata hanya: ta kafa gasannin lig masu albashi, ta bar kuɗin kofin duniya ƙanana, dala miliyan 2.2 da 'yan kai aka sanar a 2023 da 2024, duk da cewa wasan ƙarshe na 2024 a Landan ya tara masu kallo kusan miliyan 7 a lokaci guda, ba a ma lissafa na ƙasar Sin ba. Albashi da kuɗin talla ba sa shiga jerin da ake yaɗawa, balle hannun jarin da Faker ya samu a ƙungiyarsa ta T1 a 2020.

Misalin da ya fi kashe bakin gardamar kuɗi shi ne na ƙungiyar Team Spirit. Sun ci The International a 2021 a Bukarest suka kwashi fiye da dala miliyan 18. Suka sake cin ta a 2023 a Siyatil, yawancin 'yan wasan su ne dai, amma Valve ta riga ta daina wancan tsarin ciniki, sai abin da suka samu bai kai miliyan 2 ba. Ba hannunsu ne ya ragu sau goma ba. A ɗaya gefen kuma, wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 16, Kyle Giersdorf mai laƙabin Bugha, ya ci dala miliyan 3 a yini ɗaya a gasar Fortnite ta 2019 a New York, abin da ya fi duk kuɗin kofunan Faker a haɗe. Kuɗin gasa suna gaya maka yadda kamfani ya zaɓi ya tallata hajarsa a wata shekara, da kuma wanda ya dace ya yi tashe a shekarar.

Alƙaluma sun fi kuɗi gaskiya, kuma a nan ne ya kamata a ɗan zauna. Counter-Strike wasa ne na mutum biyar da biyar, ɓangare ɗaya na ƙoƙarin dasa bam, ɗayan na hanawa, kuma akwai kuɗin cikin wasa da ake sayen makamai da su a farkon kowane zagaye. Shafin HLTV, wanda shi ne madogarar masu bin wasan, yana ba kowane ɗan wasa maki bisa yawan waɗanda ya kayar, da sau nawa aka kayar da shi, da ɓarnar da ya yi, da tasirinsa a zagayen. Maki 1.00 shi ne matsakaici. A ƙarshen kowace shekara sukan fitar da jerin gwanaye 20. Oleksandr Kostyliev na Yukren, wato s1mple, ya zo na ɗaya a 2018 da 2021 da 2022. Bafaranshe Mathieu Herbaut, ZywOo, ya zo na ɗaya a 2019 da 2020 da 2023. A 2024 wani ɗan Rasha mai shekara 17 da ake kira donk ya hau saman su duka. Gardamar s1mple da ZywOo tana da ma'ana tunda wasa ɗaya suke bugawa, a zamani ɗaya, da matsayi ɗaya a ƙungiya: dukansu masu riƙe babbar bindigar harbi daga nesa ne.

To amma a lura da wannan matsayin. Bindigar ita ce mafi tsada cikin waɗanda ake yawan amfani da su, kuma sau da yawa abokan wasa ne ke haƙura da ƙananan makamai don a saya wa tauraro ita. Akwai wanda aikinsa shi ne ya fara kutsawa ta lungun da ake zaton maƙiyi na ciki, ya san mai yiwuwa shi za a fara kayarwa, don na bayansa ya ga inda harbin ya fito ya rama. Akwai mai jefa gurnetin hayaƙi da mai kashe ido don wani ya samu hanya. Akwai kyaftin, wanda rabin hankalinsa na kan lissafin kuɗin abokan hamayya da hasashen ta ina za su ɓullo, yana magana ba ƙaƙƙautawa yayin da yake harbi. Duk waɗannan makinsu kan yi ƙasa, kuma ƙasan nan ita ce farashin makin tauraro. Finn Andersen, karrigan, ya shafe shekaru makinsa na ƙasa da matsakaici, amma shi ya jagoranci ƙungiyar FaZe ta ci babbar gasar Major a Antwerp a 2022, yana da shekara 32.

Shekarar 2018 ta isa darasi ita kaɗai. A shekarar s1mple yana wasan da mutane ke cewa ba a taɓa ganin irinsa ba, amma da ƙungiyarsa Natus Vincere ta haɗu da Astralis ta Denmak a wasan ƙarshe na Major a Landan, ci biyu da nema aka yi musu. Astralis ba ta da wanda ya kai shi hannu. Abin da take da shi tsari ne. Sun mai da jifan gurneti ilimi, suna haddace inda za a tsaya da inda za a saita don ya faɗa daidai kan maɓoyar da aka saba, sai su raunata mutum tun kafin ya gan su. Sun san lokacin ja da baya don ceton makamai maimakon mutuwar banza. Sun ɗauki masaniyar halayyar 'yan wasa, Mia Stellberg, saboda a da an san su da rikicewa in aka zo wasan kusa da na ƙarshe, suka kuma sa ido kan barci da abinci da motsa jiki a lokacin da sauran ƙungiyoyi ke ganin wannan iyayi ne. Suka ci Major huɗu, a 2017 da 2018 da biyu a 2019. Shi kuwa s1mple sai a 2021 a Stockholm ya ɗaga nasa na farko, lokacin da aka kewaye shi da abokan wasa da suka iya ɗaukar nasu kason. A ganina duk wanda ya ce s1mple ya fi kowane ɗan Astralis bai yi ƙarya ba, wanda ya ce Astralis ta fi ƙungiyarsa nesa ba kusa ba shi ma bai yi ƙarya ba, kuma yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga haɗa tambayoyin biyu wuri guda.

Akwai wata hanyar auna ɗan wasa da ta fi maki, sai dai ba kasafai ake samunta ba: a cire shi a ga abin da zai faru. Ta samu a kan Faker a tsakiyar 2023. Ciwon hannu ya sa ya huta kusan wata guda, a lokacin da wasu ke cewa ya tsufa, matasa sun fi shi sauri, alƙalumansa ma ba su ne kan gaba a lig ɗin Koriya ba. T1 ta buga wasa takwas ba shi, ta sha kashi a bakwai, da sauran taurarinta huɗu duk suna nan. Ya dawo, kafin shekarar ta ƙare suka ɗauki kofin duniya a Seoul da ci uku da nema. Abin da ya ɓace a wancan watan babu shi a kowane jadawali: wanda zai ce yanzu za a shiga faɗa, yanzu za a janye, sauran su yarda ba musu.

Kofunansa na duniya sun faɗo a 2013, 2015, 2016, sannan 2023, 2024 da 2025. Tazarar da ke tsakiya ita ta fi burge ni. Shekara shida yana faɗuwa, har da wasan ƙarshe na 2017 a Beijin inda aka gan shi yana kuka a kujera, da na 2022 da ya suɓuce a wasa na biyar. A tsakanin nan an canza wasan ɗaruruwan lokuta, an canza duk abokan wasansa, waɗanda suka fara tare da shi sun koma koci ko sharhi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 daga jami'ar Simon Fraser ta Kanada, kan 'yan wasan StarCraft II fiye da 3,000, ya nuna saurin martani na fara raguwa tun daga shekara 24, ko da yake manya kan cike giɓin da dabara. Jiki ma yana karɓar nasa haraji: gwanin ƙasar Sin Jian Zihao, Uzi, ya sanar da ajiye wasa a 2020 yana da shekara 23, saboda ciwon hannu da ciwon sukari da ya danganta da rashin barci da matsin shekaru. Wanda ya ci kofi ɗaya ya nuna ya dace da yanayin wasan na shekara ɗaya. Wanda ya ci a 2013 ya sake ci a 2025 ya nuna wani abu daban, kuma shi ya sa ko 'yan wasu wasannin ba sa ja da sunan Faker.

Kwatanta ƙungiyoyi yana da nasa ruɗanin, domin sunan ƙungiya sunan kamfani ne mai rassa. Team Liquid ko G2 ko Falcons kowace tana da 'yan wasa daban a wasanni da yawa, waɗanda wasunsu ba su taɓa haɗuwa ba. Gasar Esports World Cup da Saudiyya ta fara a Riyad a 2024, da kuɗi sama da dala miliyan 60, ta zo da tsarin tara maki daga wasanni fiye da 20 a ba ƙungiyar da ta fi. Team Falcons ta Saudiyya ta ci a 2024 ta karɓi dala miliyan 7, ta sake ci a 2025. Nasara ce, amma irin wadda ke auna faɗin aljihu: wanda ya iya ɗaukar ƙwararru a wasa goma sha ya fi mai wasa uku damar tara maki, kuma 'yan wasan da suka ci wa Falcons kofin Free Fire a 2024 'yan Tailan ne. Kuɗin Saudiyya sun shigo ne a daidai lokacin da na Amurka ke janyewa. FaZe ta shiga kasuwar hannun jari a 2022 ana yi mata kuɗi dala miliyan 725, bayan shekara guda da 'yan watanni aka yi cinikinta a abin da bai kai miliyan 20 ba. Lig ɗin wasan Overwatch, da aka sayar da gurabensa na farko a dala miliyan 20 kowanne, ya rufe a 2023. A 2022 kuma kamfanin Savvy na asusun jarin gwamnatin Saudiyya ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya gasa, a dala biliyan 1.5.

Kuɗi dai ba su cika sayen jituwa ba. OG ɗin da ta ci The International a 2018 ragowar ƙungiya ce da manyan 'yan wasanta biyu suka watsar ana saura 'yan watanni, kocinsu ya koma ɗan wasa, suka ɗauko wani ɗan Finlan, Topson, da bai taɓa buga babbar gasa ba, suka bi ta zagayen share fage da kowa ke iya shiga, suka je suka doke PSG.LGD, ƙungiyar Sin mai haɗin gwiwa da kulob ɗin Paris Saint-Germain, da ci uku da biyu.

Wasan da ya fi shafar mu a Sakkwato shi ne ƙwallo, kuma shi ne ya fi wuyar aunawa. Shugaban Falcons ɗin nan, Mosaad Aldossary, ta nan ya fito: ya ci kofin duniya na FIFA a Landan a 2018, ya samu dala 250,000, bayan wasan ƙarshe da aka buga karo biyu, ɗaya a Xbox ɗaya a PlayStation, don kada wani ya ce na'urar ce ta taimaki wani. Amma a duba jerin zakarun: ɗan Ingila a 2017, shi a 2018, Bajamushe a 2019, wani Bajamushen daban a 2022, ɗan Holan a 2023. A waɗannan shekarun babu wanda ya maimaita. Wasa ne gajere mai ƙarancin ci, ƙwallo kan daki turke ta dawo, mai tsaron gida da kwamfuta ke sarrafawa kan yi abin mamaki ko abin kunya, kuma duk shekara sabon bugu ke fitowa da sabbin dabarun da ke aiki. Shi ya sa wasa ɗaya a shago, irin na wanda aka ci ya biya, ba ya raba gardama. Sauran wasanni sun gane haka, suka sa sai an ci biyu cikin uku ko uku cikin biyar. Ƙari a kan haka, ƙwararrun wasan EA suna gasa ne a sashen da mutum ke haɗa tawagarsa da katunan 'yan wasa, mu kuma a nan an fi rige-rigen ɗaukar Madrid ko Faransa a shiga fili. Suna ɗaya ne, wasan ya ɗan bambanta.

(Maganar wanda aka ci ya biya: daga biyan kuɗin shago zuwa ɗora kuɗi a gefe taki ɗaya ne, kuma caca ce sunanta. Ita ce ta ci manya a can ma. Gwanin StarCraft na Koriya, sAviOr, ya rasa komai a 2010 kan sayar da wasa, kuma a farkon 2015 Valve ta haramta wa 'yan ƙungiyar iBUYPOWER ta Amurka gasanninta saboda sun faɗi da gangan bayan an ɗora kuɗi a kan faɗuwarsu.)

Yanzu ga yaron da aka ce in an kai shi Turai kowa zai sha kashi. Masu iya magana sun ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, kuma ƙasar ce babu tsakaninsa da su. In kana wasa ta intanet, kowane dannawa sai ya tafi babbar kwamfutar da ke alƙalancin wasan ya dawo. Ga wasanni da yawa wannan kwamfuta tana Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Sakkwato zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, kusan kilomita 1,000 ne. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce. A ƙara na zuwa Jamus, an kai kusan 10,000. Zuwa da dawowa milisakan 100 ke nan, tun kafin a lissafa jinkirin eriyar kamfanin waya da cunkoson dare. Ƙwararru a zauren gasa suna zaune ne kusa da kwamfutar, jinkirinsu bai wuce 'yan milisakan ba. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan, milisakan 100 hoto shida ne, alhali a wasan faɗa na Tekken naushi mafi sauri yana sauka ne a hoto goma. An cinye fiye da rabin lokacinka kafin ka ga abin da ke zuwa.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, da rana ta haura digiri 40, waya kan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, sai mai buga PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty ya ga hoto na tsinkewa a tsakiyar faɗa, musamman in tana jone da caji. Ga ɗaukewar wuta, ga tsadar data. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya ɗungurungum a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma a watan Maris na 2024 yankewar wayoyin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta gurgunta intanet na kwanaki. Matsayin da wasa ke ba mutum a intanet, irin tambarin da matasa ke ɗauka hoto su ɗora a WhatsApp, yana gauraye da duk waɗannan, don haka bai isa shaida ba, ko ta yabo ko ta kushe.

Abin da ya fi jinkirin intanet tasiri kuma shi ne abokin gwaji. Koriya ta Kudu ta kafa hukumar wasannin gem, KeSPA, tun 2000, ga tashoshin talabijin na gem, ga gidajen da 'yan ƙungiya ke kwana tare suna atisaye da wasu ƙungiyoyin ƙwararru kullum, suna zama da koci su sake kallon wasansu suna tsince kuskure. Ƙungiyoyin Turai da Amurka kan yi tattaki zuwa can kafin kofin duniya don kawai su samu waɗanda za su dake su. Har gwamnati ta shigo ciki: zinaren da Koriya ta ci a League of Legends a wasannin Asiya na Hangzhou a 2023 ya sauke wa Faker da abokansa cikakken aikin soja na dole. Zakaran shago ɗaya kuwa, in ya yi wata shida ba a ci shi ba, ya yi wata shida ba wanda ya nuna masa raunin da ke jikin wasansa.

Duk da haka ban yarda a yanke cewa babu gwani a inda ba a san da shi ba, saboda abin da ya faru a Lahor. Shekara da shekaru Koriya da Japan ke mulkin Tekken, babu mai lissafa Pakistan, tunda 'yan can ba sa samun biza kuma intanet ɗinsu bai isa a gan su ba. Ashe a ƙananan shagunan gem na birnin akwai matasa da yawa da ke karawa da juna kafaɗa da kafaɗa a gaban allo ɗaya, inda jinkirin waya ba shi da ta cewa. A ƙarshen 2018 ɗaya daga cikinsu, Arslan Siddique mai laƙabin Arslan Ash, ya doke Knee na Koriya, wanda ake wa kallon sarkin wasan, a Dubai. A Fabrairun 2019 ya isa EVO ta Japan, babbar gasar wasannin faɗa, da ƙyar bayan wahalar biza da kwanaki yana sauya jirgi, ya ci kofin. A Agusta ya je Las Vegas ya sake doke Knee a wasan ƙarshe, ya faɗi ya yi sujada a kan dandamali. Da ya ce akwai irinsa da yawa a gida wasu sun ɗauka tawali'u ne, sai ga Atif Butt ya ci gasar ƙarshe ta zagayen duniya na Tekken a farkon 2023, kuma a shekarar Pakistan ta doke Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe na gasar ƙasashe a Riyad.

Abin lura a labarin Lahor shi ne irin wasan da kuma irin zaman. Wasa ne na mutum ɗaya da ɗaya, na'ura ɗaya ta ishe shi, ba ya bukatar intanet, kuma gwanayen birnin suna neman juna su kara maimakon kowa ya tsare shagonsa. Wasannin da suka cika waɗannan sharuɗɗa a Sakkwato su ne ƙwallo da na faɗa irin su Mortal Kombat da Tekken. A kansu ana iya haɗa zakarun Mabera da Arkilla da Gawon Nama da na ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo a zaure ɗaya, bugu ɗaya na wasan, doka ɗaya kan zaɓen ƙungiya, uku cikin biyar, a rubuta sakamako a ajiye, a maimaita wata mai zuwa, sannan wanda ya fi fitowa a saman takardar a sa shi a mota zuwa Kano ko Abuja ko Legas.